Tef Ɗin Baba da Ƙirjin Mai Kwat

Kun gan shi, kada wanda ya ce mini bai taɓa ganinsa ba. Yana ajinku, yana layinku, wataƙila ma ɗaki ɗaya kuka tashi. Namijin da ko rana za ta narka kwalta ba ya rabuwa da riga biyu. Wanda yake tafiya a ɗan duƙe kamar mai neman allurar da ta faɗi. Wanda in an tafi ƙwallo shi ne kullum mai gadin takalman mutane. Kun gani, kun gane abin da yake ɓoyewa, sai kuka kawar da kai kuka kira abin kunya da kara. Waɗanda ba su kawar da kai ba kuwa suna suka raɗa masa, kuka taya su dariya. Ban cire kaina ba, ni ma na yi shekaru a cikinku.

To irin wannan namijin ne yake neman aurena, kuma Asabar ɗin da ta wuce saura ƙiris kunyar nan ta raba mu. Ku gyara zama.

A gidanmu Lauya ake ce mini, ba don na karanta shari'a ba. Kiwon lafiyar al'umma na karanta, aikina yawo makarantu da kasuwanni ina wayar da kan mutane. Bakina ne ya ja mini sunan, don Umma ta ce tun ina goye ba na barin magana ta faɗi ƙasa. Shi kuma malamin lissafi ne a wata sakandare, can muka haɗu ranar da na je yi wa ɗalibai bayani a kan wanke hannu. Dogo ne, mai sanyin murya, in zai yi dariya sai ya kare baki da bayan hannu. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, Gwaggo, yayar Baba da take zaune tare da mu, ta leƙa shi ta labule ta dawo tana fifita da murfin tukunya.

"Bawan Allahn nan zazzaɓi yake yi ne? Kwat a wannan zafin?"

Shi ke nan ya zama Mai Kwat. Har ni haka na sa masa a wayata, Allah ya yafe mini.

Sai da muka yi wata huɗu kafin ya iya faɗa mini, shi ma a rubuce.

"Akwai abin da ya kamata ki sani kafin in turo manya. Ƙirjina ba kamar na sauran maza ba ne. Ina da nono. Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu."

Na rubuta masa, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"'Yar tela ce ni fa. Tun ranar wanke hannu."

Kwana biyu bai kula ni ba. A na uku na kira shi da kaina, na ce abin nan ba tsinuwa ba ce, ba kuma shi kaɗai ba ne, akwai likitocinsa. Da ƙyar na ja shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka duba abin da za a duba, aka ce babu wata cuta a ƙarƙashi, naman nono ne ya girma lokacin balaga ya ƙi komawa. Da aka yi hutun makaranta aka yi masa aiki. Da safe ya shiga, da yamma yayarsa ta mayar da shi gida. Kafin nan ya sa na yi masa alkawarin ba wanda zai ji a gidanmu.

Likita ta kafa masa dokoki. Rigar matsi, wata baƙa mai ƙugiyoyi a gaba wadda take danne ƙirji don kada ruwa ya taru a inda aka cire naman, zai sa ta dare da rana har mako shida, wanka kaɗai zai raba su. Ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Ba miƙa hannu sama da kafaɗa. Kwanciya rigingine a kan matashi biyu. In gefe ɗaya ya kumbura fiye da ɗaya farat ɗaya, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi zafi, ya dawo nan take.

Kun san malamin lissafi da jinya? Allah kada ya haɗa ku. Mutumin nan ya samo rula ya tsaya gaban madubi safe da yamma. Wayata ba ta huta ba.

"Hagu ta fi dama tudu da rabin santimita."

"Kumburi ne, zai sauka."

"Na taɓa kan nonon ban ji komai ba. Kamar na maƙwabcinmu na taɓa."

"Likita ta ce jin zai dawo a hankali. Ka bar taɓa na maƙwabci."

"Akwai wani tauri a ƙasa kamar ƙwallon dabino. Anya ba dawowa yake yi ba?"

"Wurin ɗinki ne yake warkewa. Wata uku zuwa shida aka ce kafin ka ga ainihin yadda zai zauna. Yau kwana takwas."

"Takwas da rabi."

Ina dariya ina tausayinsa. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana gudun madubi, yau ya samu madubi ya rasa yadda ake kallonsa.

Da a ce jinyar ce kaɗai da sauƙi. Matsalar ita ce Baba.

Baba tela ne, shekara talatin da ɗoriya a shago ɗaya, kuma yana da wata ɗabi'a da shi kaɗai ya ƙirƙiro wa kansa. Duk wanda ya zo neman 'yarsa, ba ya tambayar albashi, ba ya aika kowa bincike. Yadi yake cirowa daga kanta ya ce zai ɗinka masa riga kyauta, ya zo a auna shi. Yana cewa baki ya iya ƙarya, amma da zarar tef ya zagaye mutum gaskiyarsa ta fito. Mai girman kai kumbura ƙirji yake, mai gaggawa motsi yake, mai haƙuri tsayawa yake. Haka ya auna mazan yayyena biyu. Akwai wani da ya nemi babbar yayata, mai mota da turare, Baba ya sallame shi don ya shanye tumbinsa lokacin awo.

"Wanda ya ɓoye wa tela tumbi," in ji Baba, "me kuma zai bayyana wa mata?"

Sau uku Baba yana aika wa Mai Kwat. Na farko kafin aikin, kunya ta hana shi, ya ce yana makin jarrabawa. Na biyu da na uku bayan aikin, ya ce mura. Ranar Laraba muna karin kumallo, Umma tana zuba shayi, Gwaggo ta fara.

"Ni dai ban taɓa ganin murar da take jin tsoron tef ba. Ko dai wani zane ne a jikinsa irin na 'yan daba? Ko mata gare shi a wani gari ta rubuta sunanta a ƙirjinsa?"

"Gwaggo, don Allah."

"Don Annabi ma. Ke da kike wayar da kan duniya, naki kan fa?"

Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya ajiye kofi ya share gemu.

"Ki gaya masa Asabar ƙarfe goma. In bai zo ba zan mayar da yadin kanta, kuma in na mayar da yadi ba na sake ciro shi."

Umma ta kalle ni ta ƙasan ido. Duk gidan mun san ma'anar wannan.

Na shige ɗaki na kira shi. Na ce ya sake ni daga alkawari in gaya wa Baba gaskiya, magana ɗaya ce ta ƙare.

"A'a. Surukina zai riƙa kallona yana tunawa har in mutu."

"To ka zo da rigar matsin a jikinka."

"Ƙugiya goma sha biyu gare ta. Tela ne fa. Hannunsa na sauka zai ji."

"To me za ka yi?"

"Zan cire ta da safe, in an gama awo in mayar. Awa biyu ne, na lissafa."

"Ka lissafa da wa? Da likita?"

Na yi masa wa'azin da nake yi wa mutane a kasuwa, har da ƙari. Ya ce to, ya ji, ba zai cire ba. Ni kuma, Lauya guda, na yarda. So yana mayar da mai ilimi ɗan aji ɗaya.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare fari a wuya, na yafa mayafi, na ce zan je taya Baba jera yaduka. Gwaggo ta ce ita ma tana da zanen da za a kama mata baki. Ba wanda ya yarda da wani, muka tafi tare.

Shagon Baba ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Hagu kanta ce har rufi, yaduka a naɗe, farare a sama, masu duhu a ƙasa. Dama teburin yanka, da almakashin da ba wanda ya isa ya taɓa, da alli a cikin gwangwanin madara, da babban littafin awo mai baƙin bango wanda gefensa ya yi laushi don tsufa. Kekunan ɗinki uku ne, biyu na lantarki, ɗaya tsoho na ƙarfe mai takawa da ƙafa wanda Baba ya fara sana'a da shi. A can ƙurya madubi ne mai tsawon mutum da labule.

Goma saura biyar ya yi sallama. Masu karatu, sai da na dafa teburi. Babu kwat. Riga ɗaya ce a jikinsa, shuɗiya mai botira, kuma ya miƙe tsaye sosai, kafaɗu a buɗe. Ashe haka yake da tsawo. Ashe haka yake da kyau. Zuciyata ta yi tsalle, sannan ta faɗo, don na ga yadda rigar take kwance a jikinsa. Babu komai a ƙarƙashinta. Jakar da ya rataya kuwa ta yi ɗan tudu.

Na harare shi. Ya kalli rufi kamar yana ƙirga kwano.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Yau an yi wa kwat hutu? Ko an kai shi wanki bayan shekara?"

Ya durƙusa ya gaida su. Baba ya amsa, ya daɗe yana kallonsa, har na ga kamar mamaki a fuskarsa. Sannan ya rataya tef a wuya ya dubi wajen madubin. Tsohon keken nan na ƙarfe yana tare hanya, ma'aikacin Baba kuma bai zo ba ranar.

"Malam, kama mini nan mu matsar da shi."

"Baba, bari ni in kama," na ce, na yi wuf na sha gaba.

Gwaggo ta tuntsure da dariya. "Tun ba a kai ki ba kin fara rowarsa? Bar namiji ya nuna ƙashi."

"Ba zai iya ba, ba shi da…"

Ya kalle ni. Kallon yana cewa kin yi alkawari. Na haɗiye sauran maganar, kuma har yau ina jin haushin kaina. Ya sunkuya ya kama keken, suka ɗaga. Taku huɗu ne kawai. A na uku na ga leɓensa ya shige cikin haƙora. Da suka ajiye ya yi murmushi, amma gumi ya tsattsafo masa a goshi, hannunsa na hagu kuma ya manne da jikinsa.

Baba ya fara awo. Tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, yana faɗa ina rubutawa a littafi.

"Ɗaga hannu."

Ya ɗaga rabi.

"Ƙara."

"Iyakarsa ke nan, Baba."

Baba ya zagaya tef a ƙirjinsa, ya tsaya. Bai faɗi lamba ba. Ya sassauta, ya ɗora bakin tef a tsakiyar baya ya jawo ta dama zuwa tsakiyar ƙirji, ya duba. Ya sake ta hagu, ya duba. Ya koma ya auna wuyan da ya riga ya auna, ya auna hannu, kamar mai jan lokaci, sannan ya dawo kan hagun.

"Yaya," ya ce da Gwaggo, "zaren da zan kama miki zane ya ƙare. Je ki shagon ƙarshen layi ki zaɓo kalar da kike so da kanki, kada in zaɓa ki ce na cuce ki."

"Yanzu? Ana tsakiyar abu?"

"Yanzu."

Ta fita tana gunaguni. Baba ya ce in tura ƙofa.

"Kwana nawa da yin aikin?"

Mai Kwat ya kalle ni, na kalli littafin awo.

"Da kai nake, ɗana."

"Goma sha biyu, Baba."

"Ina rigar da aka ce ka ɗaure da ita?"

"Tana jaka."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da la'asar. Na so in saba da tsayuwa babu ita."

Tun jiya. Awa biyun da aka lissafa mini ke nan.

"Hagu ta fi dama da inci ɗaya," in ji Baba. "Da na sake aunawa ta ƙara kwata. Ni ba likita ba ne, amma ban taɓa ganin ƙirjin da yake girma ina tsaye ba. Shiga bayan labule ka mayar da rigar. Lauya, tsayar mana da mota."

A asibiti aka shige da shi, aka bar ni da Baba a kan benci, shi da tef ɗinsa a wuya don ya manta bai cire ba. Na ce, "Baba, ya aka yi ka san aiki aka yi masa?"

"Tun ranar da ya fara zuwa na san abin da ke ƙarƙashin kwat ɗin. Yau na ga babu. Abin nan ba ya tafiya da kansa haka kawai. Da na sa shi kama keken ban kawo komai ba, na ɗauka an daɗe da yi. Wannan kuskurena ne."

"Ka sani tun farko? To me ya sa ka matsa sai ka auna shi?"

"Don in raba shi da kwat ɗin. Akwai yankan da nake yi wa irinsu. Shafi biyu a gaba, yadi mai ɗan tauri, aljihu a kowane gefe, a saki hammata. In mutum ya sa, ba mai ganewa. Na yi wa mutum ya fi arba'in. In kin duba littafin awo za ki ga wasu sunaye da ɗan ɗigo a gefe, su ne. Ba wanda na taɓa ce wa komai, ba wanda ya taɓa ce mini komai. In ya zo karɓa ya sa, sai ki ga ya miƙe, ya biya ya tafi."

Ya faɗa da jin daɗi, yana jiran in yaba. Ni kuwa raina ne ya ɓaci.

"Arba'in, Baba? Shekara talatin kana ganinsu, hannunka a kan ƙirjinsu, ba ka ce wa ko ɗaya ya je asibiti ba?"

"Aikina sutura ne."

"Sutura ta warkar da wa? A cikin arba'in ɗin nan akwai wanda magani ne yake sha ya jawo masa, da an canza shi ke nan. Akwai wanda hantarsa ce ba ta da lafiya. Akwai wanda gefe ɗaya ne, ƙulli ne mai tauri da ya kamata a duba da wuri. Kai ne mutum ɗaya a duniya da suka bari ya taɓa wurin, sai ka sa masa aljihu."

Wata mata da ke gefenmu ta juyo. Na rage murya, amma ban janye ba. Baba ya ciro tef ɗin daga wuya yana naɗe shi a yatsa.

"Ban san ana cirewa ba sai shekara biyu da suka wuce, da wani ya kawo mini irin rigar nan in gyara masa ƙugiya. Kuma ko da na sani, ke kin san nauyin abin? Namiji ya shigo yana addu'ar kada ka gani, kai kuma ka buɗe baki ka ce na gani?"

"Na san nauyinsa. Ni ma ɗazu shiru na yi ya ɗauki keke."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ashe lauya ma tana faɗuwa shari'a."

Nas ta leƙo ta ce mu shiga. Yana kwance a ɗan kishingiɗe, an rufa masa zane, likita tana cire safar hannu. Mace ce gajera mai tabarau, bakinta ya kusa nawa.

"Ku ne masu keken? Ruwa ne ya taru da ɗan jini, na zuƙe da sirinji, ɗinkin bai buɗe ba. Kun yi sa'a da kuka zo yanzu. Da ya kwana da shi, da wata maganar muke yi, wataƙila sai mun koma ɗakin aiki." Ta juya kansa. "Malam, da wane yare zan faɗa maka mako shida? In rubuta maka a allo?"

"Na gane, likita."

"Jibi ka dawo in duba, in ya sake taruwa in sake zuƙewa. Rigar nan kuma ko gobara ake yi da ita za ka fita."

"Laifina ne, likita," in ji Baba. "Ni na sa shi."

"To Baba, daga yau kai ne ɗan sandansa."

Shi kuwa gogan, da ya ga an gama faɗa, sai ya ɗago kai a hankali. "Likita, yanzu hagun za ta koma daidai da dama? Don kafin wannan ma akwai rabin santimita."

"Wa ya ba shi rula?" ta tambaye ni.

A mota Baba yana gaba, mu biyu a baya, jakar Mai Kwat a tsakaninmu. Shi kuma yana ta kallon ƙeyar Baba. Mun kusa shago ya ce, "Baba, yadin… za a mayar kanta ne?"

Baba bai juyo ba.

"Awon yau bai yi ba. Ba a auna ƙirji yana kumbure, rigar ba za ta zauna ba. Sai bayan wata uku, in likita ta sallame ka, ka dawo in auna ka da kyau."

Wata uku. Na dafe kai. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

"Amma manyanka ba kumburi suke yi ba. Su zo mako mai zuwa."

Direban ma sai da ya yi dariya, bai san kan zance ba. Mai Kwat ya kai hannu zai kare baki, ya tuna, ya sauke, ya yi dariyarsa a fili yana dafe da haƙarƙari.

"A hankali," in ji Baba. "Kuma akwai sharaɗi. Kullum da safe za ka biyo ta shago in ga ƙugiyoyin nan da idona. Zan yanka maka riguna biyu masu faɗi, masu buɗewa ta gaba, don kada ka riƙa ɗaga hannu. Wannan ba sai na auna ba."

Mun tarar da Gwaggo a ƙofar shago da zare kala uku a hannu, fuska kamar hadari.

"Na dawo na ga ƙofa a rufe, an ce kun shiga mota ku uku. Ina kuka je? Me tef ya gano?"

Na buɗe baki zan ƙirƙiro wani abu, sai ya riga ni.

"Gwaggo, labari ne mai tsawo, kuma ni zan ba ki da bakina. Ranar da manyana za su zo, ki ajiye mini kujera kusa da ke."

Gwaggo fa, wadda in ta ji magana da hantsi, kafin azahar ta kai ƙarshen unguwa. Na zaro ido. Ya ɗaga mini gira, wai ya lissafa. Ni dai na daina yarda da lissafinsa, amma na ga ya faɗa a tsaye, bai duƙa ba.

Jiya Litinin Baba ya kira ni shago. Ya tura mini takarda da biro ya ce in rubuta masa yadda ake faɗa, gajere, wanda ba zai kunyata mutum ba. Na rubuta: "Wannan abin maza da yawa suna da shi, kuma likita yana dubawa. In kana so zan gaya maka inda za ka." Ya karanta sau uku, ya ce ya yi tsawo, ya soke rabi, ya mayar da rabin, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce akwai mai ɗigo ɗaya da zai zo karɓar ɗinki ranar Alhamis, bai yi alkawari ba, amma zai gwada.

Dattijo mai shekara sittin da biyu zai gwada. Ku me ya hana ku?

Ke uwa da kike wanke masa riguna kina ganin yadda yake ninka su biyu, ke yaya, kai aboki, kai mai aski, kai malamin wasanni da yake kawo maka takardar ciwon ƙarya duk mako, da ku nake. Kada ku tara masa jama'a, kada ku mayar da abin wasa. Ku same shi shi kaɗai, ku faɗi jimla ɗaya, ku ce za ku raka shi. In kuma an riga an yi masa aikin, ku karɓe kayan da ke hannunsa, ku hana shi nuna jarumta, ku tambaye shi ina rigarsa, in gefe ɗaya ya tashi ku sa shi a mota ba tare da shawara ba.

Kada ku tura mini hoton zuciya a ƙarƙashin rubutun nan, ba na so. Tun sakin layi na farko akwai fuskar da ta zo muku. Ku ajiye wayar ku je wurinsa yau.